Shirin Karatun Manya: Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Yaronka

Manoma da makiyaya, maza da mata, ɗaliban karatun manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da ƙauyukansu, ina gaishe ku. Mai riƙe da rediyo ya ƙara murya kaɗan, don na bayan rumfa su ji.

Maganarmu ta yau wani ɗalibina ne ya jawo ta. Dattijo ne, manomi, gemunsa ya fara fari. Ran nan mun tashi daga darasi, kowa ya watse, shi bai tashi ba. Sai ya zaro wata takarda daga aljihu, a ninke gida huɗu. Ya ce mini: "Malam, yarona ya kawo wannan daga lakwal, ya ce in sa hannu. Shekara tara ina dangwala yatsa a takardunsa, ban san abin da ke ciki ba. Yanzu na iya rubuta sunana. Ba ni son in rubuta shi a kan abin da ban gane ba."

Na ce: "Baba, kawo mu gani." Na buɗe. Takardar zaɓi ce. Yaron yana ajin ƙarshe na kwaleji, ana tambayarsa inda yake son ya nufa in ya ci jarrabawa. Na ce masa: "Baba, ka yi daidai da ka tsaya. A duk takardun da ka dangwala wa yatsa, babu mai nauyin wannan."

Na san da yawa cikinku kuna da yara a lakwal. Irin wannan takarda za ta zo gidanku, in ba ta riga ta zo ba. Shi ya sa na ce bari mu tattauna a kanta.

Mu fara ƙirga matakalar. Ku ɗauki alli ko fensir, ku rubuta tare da ni. Firamare shekara 6. Kwaleji shekara 4, a ƙarshenta akwai jarrabawar birbe. Lise shekara 3, a ƙarshenta akwai jarrabawar bak. Ku haɗa 6 da 4 da 3. Nawa ke nan? 13. Damina 13 ke nan kafin yaro ya taka ƙofar jami'a, in bai maimaita aji ko ɗaya ba.

Mutane da yawa suna zaton sai yaro ya ci bak sannan zai zauna ya zaɓi abin da zai karanta. A nan ake yin kuskure. Hanya ta riga ta rabu tun shekara uku baya. Yaron da ya ci birbe ya shiga lise, aji biyu ne a gabansa. Akwai na A, akwai na C. A shi ne ɓangaren harsuna da tarihi da labarin ƙasa da falsafa. C shi ne ɓangaren lissafi da kimiyya. Bayan shekara guda, ƴan C su ma su rabu biyu. Wasu su tsaya a C, inda lissafi ya fi yawa. Wasu su tafi D, inda ake ba da ƙarfi ga ilimin halittu, wato jikin mutum da dabba da tsiro. Ban da waɗannan akwai lisen fasaha, kamar Ɗan Kasawa ta Maraɗi, inda ake koyon lantarki da injuna da gini da lissafin kuɗi.

To, ku saurara da kyau a nan. Mai son ya zama likita, ko likitan dabbobi, ko injiniyan gona, ko injiniyan gini, bak na C ko na D ake nema gare shi. Mai bak na A ba ya shiga waɗannan. Nasa ƙofofin su ne shari'a, da harsuna, da tarihi, da aikin jarida, da koyarwa, da makamantansu. Wanda ya bi C ko D, in daga baya ya ga shari'a yake so, galibi yana iya juyawa. Wanda ya bi A ba ya iya juyawa zuwa likitanci. Ba na ce A ba ta da daraja ba. Alƙali da lauya da mai koyar da Hausa a jami'a duk ta nan suka bi. Abin da nake cewa shi ne a shige ta da ido buɗe.

Akwai wani saurayi a ƙauyenmu, tare muka yi wasan ƙasa da yayansa. Tun yana ƙarami dabba ba ta ciwo a gidansu bai gane ba. Akuya ta ƙi cin abinci, shi zai fara lura. Makinsa na kimiyya mai kyau ne. Da ya ci birbe, abokansa uku suka rubuta A, shi ma ya rubuta A, don kada a raba su aji. Ubansa ya dangwala yatsa. Bayan shekara uku ya ci bak, ya je zai rubuta sunansa a karatun likitan dabbobi. Aka ce masa takardarsa ba ta buɗe wannan ƙofa. Ya karanta shari'a ba da so ba, ya bari a shekara ta biyu. Yau yana kiwon tumaki yana sayarwa lokacin layya, kuma yana samun rufin asiri. Amma in tunkiyarsa ta kwanta, sai ya jira wani ya zo daga birni ya rubuta masa magani. Duk lokacin da muka haɗu sai ya ce mini: "Yaya, da an samu mai gaya mini." Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ku ce: "Malam, mu da ba mu yi lakwal ba, ina muka san abin da yaro ya iya?" Kun sani fiye da yadda kuke zato. Takardar sakamako da yaro ke kawowa gida, wadda suke kira bilitan, da Faransanci aka rubuta ta, gaskiya ne. Amma lambobin da ke ciki su ne lambobin da kuka koya a wurinmu. 7 na lakwal shi ne 7 na karatun manya. Kowane darasi a kan 20 ake ba da makinsa. 10 shi ne rabi. Abin da ya haura 10 ya tsira, abin da ya gaza 10 ya kasa.

Sai ku nemi layin kowane darasi. Layin da ya fara da M, A, T, H, shi ne lissafi. Layin da aka rubuta S, V, T, shi ne ilimin halittu. Harafin na tsakiya ba ya cikin baƙaƙen Hausa da muka koya, amma ba shi da wuyar ganewa, kamarsa kamar bakin gwafa. Layin da ya fara da P, mai kama da ludayi a tsaye, a bi shi da H da Y, shi ne kimiyyar lantarki da ƙarfi da sinadarai. Wanda ya fara da F, R, A, shi ne Faransanci. Ku sa yatsa a layin, ku bi shi zuwa dama, za ku ga makin.

A gefen makin akwai wata ƙaramar lamba, 1 ko 2 ko 3 ko fiye. Wannan ita ce nauyin darasin. A kasuwa tiyar wake da tiyar dusa awonsu ɗaya, kuɗinsu ba ɗaya ba. Haka darussa suke. A ajin C lissafi yana da nauyi ƙwarai. Yaron da ke samun 6 a lissafi, in aka tura shi C, kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Kada ku tsaya ga bilitan guda. Yaro yana iya yin zazzaɓi a zango ɗaya, ko a yi rasuwa a gida, maki ya faɗi. Ku tara na shekara biyu ko uku, ku shimfiɗa su a tabarma. A ce lissafi ya zo 13, 14, 12, Faransanci kuma 9, 10, 9. Wannan yaro takarda ta riga ta nuna inda ƙarfinsa yake. In kuwa Faransanci da tarihi ne ke sama kullum, lissafi yana ƙasa, to kada son a kira ka uban likita ya sa ka tura shi inda zai sha wahala a banza. Kuma ku sani ba zaɓin gida kaɗai ake bi ba. Hukumar ilimi tana duba makin yaro da shekarunsa da yawan guraben da ake da su. Amma abin da aka rubuta a takardar zaɓi yana cikin abin da ake dubawa.

Akwai abin da bilitan ba ya faɗi, ku kuka san shi. Wane ne a cikin yaranku ke kwance rediyo ya mayar? Wace ce ba ta tsoron jini ran da aka yi haihuwa a gida? Wane ne ƙannensa ke taruwa gindinsa yana koya musu? Wane ne ake aika kasuwa ya dawo da canji daidai, har ya gaya maka an so a cuce shi? Mushe yana ganin yaro a cikin aji mai cike da yara. Ku kuna ganinsa tun yana rarrafe. Musamman ku iyaye mata.

Sannan a tambayi yaron. Na san a al'adarmu uba ba ya yawan zama hira da ɗansa, balle ɗan fari. In da kunya, a sa kawu ko gwaggo ko baba ƙarami ya tambaye shi. A tambaye shi abu biyu. Me kake so ka zama? Ka taɓa ganin mai yin wannan aiki yana yin sa? In ya ce likita, a kai shi gidan likita ya wuni guda, ya ga layin marasa lafiya, ya ji wari, ya ga mai jinya da bai yi barci ba. In ya dawo yana so har yanzu, to da gaske yake. Yara da yawa farar riga suke so, ba aikin ba.

Yanzu ina makarantun suke? A da jami'a guda ce ta gwamnati a ƙasar nan, ta Yamai. An fara ta a 1971, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni. Yaro daga Gure ko Magarya sai ya yi tafiyar kilomita wajen dubu. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Akwai kuma jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta buɗe a 1986. A Maraɗi ana karanta aikin gona da kimiyya da likitanci. A Damagaram akwai harsuna da labarin ƙasa da kimiyya da likitanci. Tawa ta yi suna wajen shari'a da tattalin arziki. Wannan sauƙi ne babba. Yaron da ke karatu kusa da gida, ana iya aika masa tiyar gero da ƙuli-ƙuli ran kasuwa.

Karatun jami'a mataki-mataki ne. Digiri na farko, wanda suke kira lisans, shekara 3. Na biyu, masta, shekara 2 a kai. Likitanci kuwa shekara 7 ne ko fiye. Ku sake ɗaukar alli. 13 da 7 nawa? 20. Damina 20 ba hannun yaron nan a gona, sai ɗan abin da ya taɓa lokacin hutu. Kuma a wasu shekaru yajin aiki yakan ja karatu ya wuce lokacinsa. Gwamnati tana ba da tallafin karatu, wato bursu, amma ba kowa ke samu ba. Akwai kuɗin mota, da na ɗaki, da na abinci, da na kwafin takardu. Wannan lissafi sai an yi shi tun farko, a zauna da ƴan'uwa. Wa zai sauke shi a birni? Wa zai ɗauki kuɗin mota? In damina ta yi gardama, me za a sayar, me ba za a taɓa ba? Na ga gidan da aka sayar da shanun huɗa a shekarar farko ta karatun yaro. A shekara ta uku babu shanu, babu hatsi, yaro ya dawo gida ba takarda.

Ba dole kowa ya bi doguwar hanya ba. Akwai gajeru, kuma masu kai mutum ga abinci. A cikin jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai sassan fasaha inda ake yin shekara 2 zuwa 3 a fito da sana'a a hannu. Akwai makarantar Kollo, inda ake horar da malaman gona da na dabbobi da na daji. Akwai makarantun kiwon lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram, masu fitar da masu jinya da ungozomomi. Akwai makarantun horon malamai, irin wadda ni na yi. Akwai makarantar ma'adinai da masana'antu a Yamai, da wata a Agadas. Yawancinsu da jarrabawar gasa ake shiga, don haka a riƙa sauraron sanarwa a rediyo. Wanda kuma bai ci birbe ba, duniya ba ta ƙare masa ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa da yawa, na walda da ɗinki da kafinta da gyaran injin ban ruwa.

Bari in faɗi abin da wasu ba su son ji. A zamanin kakanninmu, bayan samun mulkin kai a 1960, masu takarda kaɗan ne. Duk wanda ya fito lakwal, kujera tana jiransa a buro. Wannan zamani ya wuce. Yau masu digiri sun fi kujerun gwamnati yawa nesa ba kusa ba. Mai digiri yakan yi bautar ƙasa, ya gama, ya zauna jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata. Malaman lakwal da yawa da kwantiragi suka fara. Saboda haka in yaro ya kawo maka sunan wani fanni, ka yi masa tambayar da nake yi wa ƙannena: in gwamnati ba ta ɗauke ka ba, wa zai biya ka don wannan ilimi? In ya iya ba ka amsa, madalla. In ya yi shiru, ku sake zama.

Kada kuma a bi yayi ido rufe. Da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, kowane yaro sai ya ce fetur zai karanta. Matata guda ba ta ɗaukar yaran ƙasa duka. Kafin fetur, yuraniyom ne ake yayi. Kamfanin Kominak na Akokan, kusa da Arlit, ya fara haƙa a 1978. A 2021 aka rufe shi, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. A cikinsu, wanda ya iya lantarki ko walda ko gyaran manyan injuna yana da abin da zai ɗauka ya tafi da shi wani gari. Rami yana ƙarewa, abin da hannu ya iya ba ya ƙarewa da shi.

Ni a ganina, abin da ƙasa ke buƙata kullum ya fi abin yayi tabbas. Mafi yawanmu da noma da kiwo muke ci. Amma ku tambayi yara goma a lise, da ƙyar ku sami mai cewa gona zai karanta. Suna ganin kamar komawa baya ne. Alhali buhun nan mai riɓi uku da kuke ajiye wake a ciki ba tare da magani ba, masu binciken aikin gona na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi har ya yaɗu. Wanda ya taɓa buɗe rumbu ya tarar ƙwari sun mai da wakensa gari, ya san darajar wannan aiki. Albasar Galmi tana tafiya har Abijan da Ankara ta Gana, tana kuma ruɓewa a hannun manomi in ba a iya ajiyarta ba. Wannan ma aiki ne da ke jiran mai ilimi.

Ku dubi mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa. Da ya dawo, sai ya dubi abin da muka fi kowa yawa da shi, wato rana. Ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa shekaru da yawa, ya rasu a 1991. Yau ku dubi rufin shaguna da famfunan ƙauye, faifan sola ko'ina. In ya lalace, sau da yawa sai an jira mai gyara daga birni.

Maganar ƴan mata kuwa, ba zan yi ta a gurguje ba, za mu ba ta shiri nata. Abu ɗaya kawai zan ce yau. Magidanta da yawa ba su son namiji ya karɓi haihuwar matansu. To ungozomar da kuke nema a gidan likita, ɗiyar wani ce da ubanta ya bari ta wuce birbe. In ɗiyarka tana kawo 14 a layin S, V, T, ka dubi wannan lamba sau biyu kafin ka karɓi goron kowa. In kuma an riga an yi magana, a sa ci gaban karatunta cikin sharaɗi tun ranar tambaya, gaban waliyyai.

Ku ma da kuke zaune a ajin manya, tambayar ta shafe ku. Wata ta shigo don ta riƙe littafin asusun ƙungiyar mata. Wani don ya auna taki da iri a kantin haɗin kai. Wani don ya daina ba yaro wayarsa ya karanta masa saƙon kuɗi. Kowa ya gaya wa malaminsa abin da ya kawo shi, don a ƙara masa darasin da ya dace da shi.

Dattijon nan nawa bai sa hannu ran nan ba. Ya koma gida ya tono bilitan biyar daga cikin akwatin matarsa, ɗaya ɓera ya ci gefensa. Muka shimfiɗa su. Shi da kansa ya bi layin M, A, T, H da yatsa, yana karantawa da ƙarfi: 12, 15, 13, 14, 14. Yaron kuwa A ya rubuta da fensir, wai yana jin tsoron ana cewa C wuya gare ta. Washegari uban ya sa babbar riga ya tafi lakwal, karo na farko a rayuwarsa, ya nemi ganin mushen lissafi. Mushen ya ce yaron zai iya. Aka kira yaron, aka yi magana su uku. Ya goge A, ya rubuta C. Sannan uban ya karɓi alƙalami. Ya daɗe yana rubuta sunansa, don harafin farko yana ba shi wuya har yanzu.

Ga aikin gida na wannan mako. Duk mai yaro a kwaleji ya nemo bilitan ɗinsa, ya kawo aji. Malamanku za su taya ku nemo layuka huɗun da muka ambata. Ku kwafe makin a littafinku, kowane darasi da layinsa. Wanda ba shi da yaro a lakwal ya ara na maƙwabci, da izininsa. Mai tambaya ya rubuto mana wasiƙa da hannunsa, ko da layi biyu ne, ya ba malamin cibiyarsu ya aiko.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.